Kare Ko Ƙare

Da Baba Ƙugiya ya buɗe shagonsa na buga takardu ran nan da safe, ya tarar kwamfutocinsa uku sun riga shi tashi. Jiya da yamma an bar su suna barci, kowacce lulluɓe da ƙyallenta na hana ƙura, amma ga su yanzu suna haske ta ƙarƙashin ƙyallen. Ya yaye na farko. Fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, babu hoton furen da aka saba gani, babu komai sai layi ɗaya da farin rubutu a tsakiya:

za mu kare ku

Ya gyara zaman tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Yana tsaye Almakashi ya shigo, mutumin da ke yanka takardu a shagon tun gashin kansa na baƙi. Almakashi yakan sara tulin takarda mai kaurin katifa da wuƙar inji ko ƙiftawa ba ya yi, amma in tayar keke ta fashe a titi sai an neme shi a bayan gida. Ya leƙa ta kan kafaɗar maigidan, ya karanta, ya ajiye jakarsa a hankali, ya shige ƙarƙashin teburin yanka.

"Maigida, sun ce za su ƙare mu."

"Ba haka aka rubuta ba," in ji Baba Ƙugiya. "Ina ƙugiyar? Kare aka rubuta. Za su tsare mu ke nan."

"Wa ya taɓa shiga shagon mutum ba sallama don ya tsare shi?"

"Ni dai abin da aka rubuta nake karantawa."

Daga ƙarƙashin tebur muryar ta sake fitowa a raunane. "To ko kare mai haushi suke nufi? Za su mai da mu karnuka?"

Baba bai kula shi ba, ya yaye ƙyalle na biyu. Nan gabansa ya faɗi, don a wannan kwamfutar harafin yana da ƙugiya, 'yar mitsitsiya, dishi-dishi, a daidai inda ya kamata ta zauna. Ya kai hancinsa kusa da gilashin. Ya lashi babban yatsa ya goga, sai ƙugiyar ta biyo yatsan. Kashin ƙuda ne. Almakashi ya fito yana karkaɗe gwiwa yana godiya ga Allah, ƙudan ya zagayo ya sauka a kan harafin dai, Almakashi ya koma inda ya fito.

Ba banza aka sa wa tsohon nan sunansa ba. Shekaru da shekaru yana yaƙi a kan 'yar lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ, kuma yaƙin bai bar masa aboki da yawa ba. Wani mai otal ya taɓa kawo aikin allo mai cewa "Muna maraba da baki", Baba ya tambaye shi ko asibitin haƙori zai buɗe. Mutumin ya ce ai kowa ya gane. Baba ya ce kowa ya gane jaki ma, amma ba a ɗaura masa agogo, magana ce da har yau ba wanda ya san abin da take nufi, sai dai mai otal bai ƙara dawowa ba. In ka aiko masa da saƙon gaisuwa a waya, kafin ya amsa lafiya sai ya maido maka da naka a gyare.

'Ya'yansa biyu a cikin wannan suka tashi. Babbar, wadda take tsara shafuka a kwamfuta, kowa Yaya yake ce mata, har uban, saboda ƙaninta haka ya riƙa kiranta tun yana rarrafe, sunan ya bi ta. Ƙanin kuwa Auta ne, kuma shi ya gaji ciwon. Tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba ya iya bambanta daka da ɗaka. Da ya girma ya zama gwanin kwamfuta, shi ya haɗa duk wayoyin shagon, shi ya koya wa madannan rubutu na kwamfutocin fitar da haruffa masu ƙugiya, shi ya sa wa komai kalmar sirri. Baba ba ya yabon mutum a gabansa, amma in Auta ya fita yakan ce wa masu kawo aiki, "Yaron nan bai taɓa yar da ƙugiya ba."

Sai Auta ya shiga wani zauren hira a intanet. Da farko na masu koyon gyaran kwamfuta ne. Daga baya aka fara barkwanci, daga barkwanci aka koma hotunan mutanen da aka zalunta, daga nan sai bidiyo, sai wani ƙaramin zaure a cikin zauren wanda ba kowa ake gayyata ba. Auta ya daina dariya a wajen cin abinci. Ya fara cewa "mu" da "su", in an tambaye shi su wa, sai ya ce za a gani. Wata rana aka wayi gari gadonsa a gyare, sai saƙo a wayar uban: "Baba na tafi. Kada ka bata lokaci wajen nemana, ba zan kara kwana a dakin nan ba." Da gangan ya cire su, duka ukun, don ya san inda zai soka ya yi zafi. Tsohon ya riƙe wayar, zuciyarsa cike da magana, amma yatsunsa abin da suka saba shi suka yi. Ya rubuta: "ɓata. ƙara. ɗakin." Ya aika. Kafin ya rubuta na biyu lambar ta mutu. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyar Auta ba, sai labarin da ya zo daga baya cewa zauren na 'yan ta'adda ne.

Da Yaya ta iso ta ga abin da ke kan kwamfutocin, ba ta tsaya muhawarar ƙugiya ba. Ta buga wa Injiniya waya, wani mai aikin tsare kwamfutocin ofisoshi daga 'yan kutse. Ya zo a kan babur da jakar goyo, hular kwano a hannu, yana tauna cingam kamar cingam ɗin ya yi masa laifi. Ya zauna, ya jona tasa kwamfutar, ya yi ta danne-danne, fuskarsa na ƙara tsawo.

"Baba, waɗannan ba yaran unguwa ba ne. Ƙungiya ce, na san hannunsu. Sukan shiga kwamfutocin ƙananan shaguna su mai da su jakunansu, su riƙa aika saƙonninsu daga nan, in an bi sawu sai a tarar da kai. Mece ce kalmar sirrinku?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ƙaiƙayi ɓarɓashi ɗanɗano. A haɗe."

Injiniya ya daina tauna. "Wallahi kalma ce mai kyau. Injin da ke cankar kalmomi zai tsufa bai same ta ba. Yaushe aka sa ta?"

"Tun da aka sayi kwamfutocin."

"Wa ya sa?"

Yaya ta kalli silin, Almakashi ya ƙara matsawa ciki.

"Ƙanina," in ji Yaya daga ƙarshe. "Yana cikinsu."

Injiniya ya cire cingam ɗin ya rasa inda zai sa, ya mai da shi baki. "Yana cikinsu, kuka bar kalmarsa? Haba Baba! Ai ba kutse aka yi muku ba, da makulli aka shigo."

Yaya ta sha faɗa wa uban a canja, ya sha cewa gobe. Ita ta san dalili, shi ma ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. A wajensa canja kalmar nan daidai yake da sauya kwaɗon gida alhali yaro yana waje. Yanzu kuwa maimakon kunya, wani abu ne mai kama da murna ya hau fuskar tsohon, abin da ya ba Injiniya haushi ƙwarai.

"Tsaya, Injiniya. Wanda ya shigo sai da ya rubuta kalmar nan daidai, ko?"

"Daidai."

"Da ƙugiyoyinta duka."

"In ya rasa ɗaya ba za ta buɗe ba."

"To mutumin da madannansa ke da ƙugiya, ya zo ya rubuta kare babu ƙugiya, me yake nufi?"

"Yana nufin ya ba wani jahili makullin, jahilin ya rubuta barazana. Ko kuma shi ne, ya cire da gangan."

Maganar ta soki tsohon, don an taɓa cire masa da gangan. Abin da yake so ya sani ke nan, kuma babu abin da yake so ya sani a duniya sama da shi: ɗansa ne ya rubuta layin, kuma in shi ne, wanne yake nufi.

Injiniya ya miƙe ya nufi ɗan akwatin intanet da ke saman kantar shagon yana ƙifta korayen fitilu. "Maganin farko, a cire wayar akwatin nan. Sannan a wanke kwamfutocin tas, a sa sabuwar kalma."

Baba Ƙugiya, da ciwon gwiwarsa da komai, ya riga shi isa. Ya tsaya a gaban kantar ya baza hannuwa. "Wanda ya taɓa wayar nan ya taɓa ni."

Injiniya ya buga wa ofishin hukuma mai kula da irin wannan lamari. Ya saurara, ya ce to, ya ce to, ya kashe. Ya ce sun ce a kashe komai nan take, kuma kada a taɓa komai har su zo. Almakashi ya ce shi tun safe umarni na biyu yake bi.

Ana cikin haka babban injin buga takarda da ke kusurwa ya yi tari, ya ja numfashi, ya fara aiki ba wanda ya taɓa shi. Takardu suka dinga zubowa, masu ɗumi, kowacce da hoton tuta da bindiga da rubutu manya-manya. Takardun farfagandar ƙungiyar ne, a kan takardar Baba, da tawadar Baba. Yaya ta ruga ta zare tiren takardu, injin ya koma jan na tire na biyu. Ta zare shi ma, ya tsaya yana kuka yana neman ƙari.

Baba ya ɗauki guda. Da wani ne da ya ji tsoro. Shi kuwa hannunsa ya tafi aljihun gaba ya zaro jan biro.

"Dubi nan. 'Mu ne masu fada.' Wace fadar? Sarauta aka ba su?" Ya lanƙwasa wa harafin kai. "'Gobe kasa tamu ce.' Macijiya suke nema, a ba su mana, wa ya hana su? 'Mutuwa ga makiya.' Innalillahi. Mutane za su kashe ka, ko sunanka ba su iya rubutawa ba."

"Baba," in ji Yaya, "takardar 'yan ta'adda kake gyarawa."

"Ba zan bar ta ta fita daga shagona a haka ba."

"Ba za ta fita ba ko a yaya!"

Ya dubi takardar, ya dubi biron, ya ajiye su a kunyace. Amma ya riga ya ga abin da yake nema. Wanda ya rubuta wannan ba Auta ba ne, don ko da gangan Auta ba zai bar waƙafi yana yawo a farkon layi ba. Hannu ya fi ɗaya a can ke nan.

Sai ga wani ɗan fili ya buɗe a ƙasan layin farko, ɗigo na ƙiftawa a ciki. Injiniya ya ce wurin magana ne, so suke a roƙe su, kuma kada wanda ya rubuta ko wasali. Kafin ya rufe baki Baba ya ja kujera ya zauna. Dabararsa mai sauƙi ce: zai sa na can ya rubuta kalma mai ƙugiya. In ƙugiya ta fito, to mai madannan ya san aikinsa, kuma kare kare ne. Ya rubuta da yatsa ɗaya, a nutse, kamar mai jarrabawa:

Idan aka cire biyu daga uku, saura nawa?

Aka jima. Amsa ta fito:

1

"Ɗan banza," in ji Baba. Ya sake: Da me mutum yake tafiya?

mota

In babu mota fa?

babur

In babur ya lalace?

a kai shi gyara. tsoho ka san da wa kake magana kuwa

Baba ya bi layin harafi-harafi da kan biro. Babu inda ƙugiya za ta zauna, ko ɗaya. Ya goge gumi ya rubuta: Wane launi ne gawayi?

mu ne masu girgiza duniya ka ji tsoro

"Amsa tambaya, malam," Baba ya ce da ƙarfi, ya kuma rubuta hakan. Ya tambayi abin da kaza ke yi wa ƙwai, aka ce masa ci. Ya ce kaza ba ta cin ƙwanta, na can ya ce tasu tana ci. Aka shiga gardamar kaza. Injiniya ya dafe kai ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa ganin ɗan ta'adda ya kare mutuncin kazarsa ba. Almakashi ya leƙo ya ba da shawara a tambaye su abin da ake rataye nama da shi, Baba ya tambaya, aka ce ƙusa, amma da hoto aka amsa, hoton ƙusa, babu rubutu.

Rana ta take, fanka na juya iska mai zafi. Masu kawo aiki suka riƙa zuwa Yaya na sallamarsu daga bakin ƙofa tana cewa inji ne ya sami mura. Duk wannan lokacin Injiniya na kallon tasa kwamfutar, inda wasu layuka ke gudu ba tsayawa. Can ya juyo da ita wajen tsohon, kuma wannan karon bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka ga waɗannan? Kowane layi saƙo ne da ya fita daga shagonka. Duk wanda ya taɓa kawo maka aiki, lambarsa na cikin kwamfutar nan. Makarantun da kake buga wa takardun jarrabawa, iyayen yara, kowa. Gayyata ake aika musu zuwa wani zaure, da sunanka a sama. Gardamar kazar nan da gangan ake ja maka ita, don waya ta daɗe a jone."

Kamar jira ake ya faɗa, wayar Yaya ta yi ƙara. Wata mata ce da suke buga wa takardun shagon ɗinkinta. Yaya ta sa a lasifika ba da niyya ba, muryar ta cika shagon. Ta ce an turo wa ɗanta wani abu daga wajen Baba, wai zauren koyon gyaran kwamfuta kyauta. Ta ce ta ga daga Baba ne shi ya sa ta ce masa ya shiga, ta bugo ne ta yi godiya.

Yaya ta ce mata ta karɓe wayar yaron yanzu-yanzu, za ta yi mata bayani. Ta kashe. Sannan ta zo ta durƙusa a gefen kujerar uban, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

"Baba, ni ma ƙanina ne. Ni na goye shi. Amma haka aka fara da shi, ka tuna? Koyon gyaran kwamfuta."

Ya tuna. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tsoro, kuma duk da haka hannunsa ya ƙi tashi daga kan madannan. In aka cire wayar nan, shi ke nan, ba shi da wata hanya zuwa inda yaron yake, ba lamba, ba adireshi, ba wanda za a aika.

"Layi ɗaya," ya ce. "Ku bar ni in rubuta layi ɗaya."

Injiniya ya je ya tsaya a gindin kantar yana jira.

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗigon. Tarkunan kalmomi sun ƙare masa, kuma ya gaji da su. Ya tuna saƙon da ya aika wancan karon, kalma uku kowacce da aya. Ya sa yatsa ya rubuta abin da ya kamata ya rubuta tun ranar:

Auta, in kana nan, ban gyara ɗakinka ba. Ka ci abinci kuwa?

Amsa ta zo da sauri: waye auta. Sai wata: tsoho ya haukace. Sai dariya da haruffa, layi guda cur. Daga nan ɗigon ya tsaya yana ƙiftawa, ba abin da ya biyo. Fanka ta yi ta juyi. Ƙudan nan na safe ya dawo ya sauka a gefen gilashin, ba wanda ya kore shi. Injiniya ya ɗaga hannu zuwa wayar.

Sai rubutu ya fara fitowa, da sauri, irin na wanda ya sami kujera babu kowa kuma ya san mai ita na dawowa.

Baba, ka cire wayar yanzu. Ka canja kalmar, kada ka ƙara barin ƙofa a buɗe saboda ni. Layin safe ni aka sa na rubuta, kuma babu kuskure a cikinsa.

Baba bai yi amfani da biro ba. Ya ga ƙara, ya ga ƙofa, ya ga buɗe, kowacce da ƙugiyarta a tsaye kyam, waƙafi a wurinsa, aya a wurinta. Ya lashi yatsa ya goga gilashin don ya tabbata, ba abin da ya biyo yatsan. Ya ɗaga ido zuwa layin da ke sama, wanda shugabannin yaron suka karanta suka ga barazana suka gamsu, don su duk ɗaya ne a wajensu. Mutum ɗaya tak a duniya aka rubuta wa layin nan, kuma ya kusa ɓata yini yana tambayar launin gawayi.

Haruffan suka fara gogewa daga ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, har filin ya koma wayam. Ko yaron ne ya share sawunsa, ko wani ne ya dawo ya tarar da shi, ba wanda zai iya cewa. Yaya ta toshe baki da mayafi tana kuka.

"Matsa, Injiniya," in ji Baba.

Ya miƙe, ya taka zuwa kantar, ya kama wayar da hannunsa. Ta ɗan yi gardama, ya danne 'yar maƙallar ya ja. Korayen fitilun suka mutu, injin kusurwa ya daina kuka. Almakashi ya fito daga ƙarƙashin tebur, ya tsaya yana murza hula, bai san me ake cewa a irin wannan wuri ba, sai ya ce, "Sannu, Maigida."

Sauran yinin Injiniya ya yi shi yana wanke kwamfutocin, Yaya na buga wa mutane waya ɗaya bayan ɗaya tana cewa kada a buɗe, kada a shiga, ba daga gare mu ba ne. Mutanen hukuma suka zo, suka kwashe takardun farfagandar har da wadda aka gyara da jan biro. Ɗayansu ya tambaya ko gyaran wata alama ce ta sirri, Yaya ta ce a'a, ciwo ne.

Da la'asar Injiniya ya juyo da madannan wajen tsohon. "Sabuwar kalma, Baba. Wadda ba zai iya canka ba. Ba don shi ba, don waɗanda za su tsaya a kansa su ce ya canka."

Baba ya zauna ya yi tunani. Ƙyanƙyasa. Ɓaɓɓake. Ɗaiɗaita. Kowacce ya ɗauko sai ya tuna ranar da ya koyar da ita, da ɗan yatsan da ya riƙe yana bi da shi kan lanƙwasar.

"Babu kalmar da na sani wadda ban koya masa ba," ya ce.

"To ka sa wadda ya san ba za ka taɓa rubutawa ba."

Tsohon ya dubi Injiniya, ya dubi madannan. Ya gane, kuma bai ji daɗin ganewar ba. Ya sa yatsa ya rubuta a hankali, Yaya na tsaye a bayansa tana ganin inda yatsan ke sauka. Da ya zo harafin farko ya tsallake madannin da Auta ya keɓe wa ƙugiya, da ya zo na kusa da ƙarshe ya sake tsallakewa.

kofa a bude

Injiniya ya ƙara mata lambobi da alamomi a gaba da baya, ya ce a maimaita don tabbatarwa. Baba Ƙugiya ya sake rubuta ta haka nan, da kuskurenta, kwamfutar ta karɓa.